Kunnuwan Ɓeraye da Haƙorin Aku

A wurin aiki Dakta ake ce mata, amma a gida mijinta ya laƙaba mata Uwar Ɓeraye, sunan kuwa ya biyo ta har cibiyar binciken da take aiki, ya samu wuri ya zauna. Ita ko a jikinta. Shekara da shekaru abu ɗaya ta sa a gaba: neman maganin shafawa da zai kwantar da kumburi da ƙaiƙayin da ke taso wa fata idan jiki ya ƙi jinin wani abu, sabulu ne, ƙarfen agogo ne, ko ƙura. Magungunan da ake da su suna aiki, sai dai in aka daɗe ana shafawa fata takan yi laushi ta sirance har jijiya ta fito raɗau. Ta san wannan tun 'yarta ta fari tana jaririya, lokacin da sai an sa mata safa a hannu kafin a kwantar da ita, don kada ta yayyage kanta da susa. Yarinyar ta girma, ciwon ya sake ta, amma bai saki uwar ba.

Ɗakin ɓerayen yana can ƙarshen baranda a hawa na ƙasa, ba taga, sai ƙugin na'urar sanyaya ɗaki da warin garin katako. Akwatunan roba masu murfin waya ne jere a kan kanta, kowanne da fararen ɓeraye masu jan ido. Gwajin ba shi da wuyar ganewa. Za a shafa wa ɓera wani sinadari a ciki, garkuwar jikinsa ta san shi, ta tsane shi. Bayan 'yan kwanaki sai a ɗiga masa shi a kunne. Kunnen ya yi ja, ya kumbura, ya yi ɓawo, ɓera ya ɗaga ƙafar baya ya yi ta susa. Daga nan sai a raba ɓerayen gida biyu. Gida ɗaya a riƙa shafa musu man da aka zuba sabon magani a ciki, ɗaya gidan kuma a shafa musu man zalla, wanda ba komai a cikinsa. Kullum da safe sai ta kama su ɗaya bayan ɗaya, ta auna kaurin kunnen da wani ɗan ma'auni mai kama da matsefata.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ita mai aunawar ba a yarda ta san wane mai ne ke da magani ba, don kada son zuciya ya karkatar mata da hannu. Kwalabe biyu aka miƙo mata, ɗaya mai murfi shuɗi, ɗaya mai murfi rawaya, launin man ɗaya, ƙanshinsa ɗaya. Mutum guda ne kaf duniya ya san sirrin, wato mai haɗa magungunan cibiyar, wanda kowa ke kira Aku saboda bakinsa ba ya hutawa. Zai gaya maka abin da ya ci, da abin da surukarsa ta ce, da farashin tayar mota, tun ba ka tambaya ba. Amma a kan kwalaben nan, ko da wasa aka zolaye shi sai ya kama leɓensa da yatsu biyu ya wuce.

Ta taɓa ƙonewa a irin wannan gwajin. Bara ma gida ɗaya ya fi ɗaya samun sauƙi, ta yi ta murna har ta sayo wa mutanen ofis lemo. Da Aku ya buɗe baki, ashe waɗanda suka fi sauƙin masu man zalla ne. Maganin da ta ɗora wa rai shi ne ya ƙara hura wa fatar wuta. Ta yi sati ba ta son ganin kwalbar lemo.

Ranar awon ƙarshe ta shiga ɗakin da sassafe, ta sa farar riga da safar hannu, ta fara da akwatunan masu alamar shuɗi. Kunnuwa jajaye, masu kauri kamar gefen tabarmar roba, ɓerayen suna ta kartar kansu. Ta auna, ta shigar da lambobin a kwamfuta. Sannan ta jawo akwatin farko mai alamar rawaya.

Kwanakin baya ta lura suna samun sauƙi, amma ta hana kanta tunani. Yau kam abin ya wuce a kau da kai. Ta ɗaga ɓera ta saitin fitila, haske ya ratsa kunnen tas, siriri, ruwan hoda, har 'yan jijiyoyin ciki ana gani. Ba ɓawo, ba ƙyasbi. Ta ɗauko na biyu, haka. Na uku ma barcinsa yake sha, ya dunƙule kamar auduga, da ta taɓa shi ya buɗe ido ɗaya ya harare ta.

"Kai ɗan nema, yaushe rabonka da susa?" ta ce masa.

Ta ajiye ma'aunin a kan tebur. Ta tsaya, ta ja numfashi, ta ce wa kanta ta nutsu, ta sake auna kowanne sau biyu. Da ta gama ta tura lambobin gaba ɗaya zuwa kwamfutar shugaban sashen, yadda doka ta ce, don kada a ce an taɓa su bayan an san sirri. Ta wanke hannu, ta haye bene da gudu, takalminta na ƙas-ƙas, ta manta ma ba ta cire hular ledar da ke kanta ba.

Farfesa, shugaban sashen, dattijo ne mai farin gemu wanda ba a taɓa ganin ya yi sauri ba. Ta same shi yana juya cokali a kofin shayi, idonsa a kan lambobin da ta turo.

"Ranka ya daɗe, ka gani?"

"Ina gani."

"Kumburin masu rawaya bai kai rabin na masu shuɗi ba!"

"Haka lambobin suka nuna." Ya kurɓi shayi. "Bara ma lambobi sun nuna wani abu, in ba ki manta ba."

"Ban manta ba, ranka ya daɗe. Amma bara na wancan gidan ne suka lalace, su kuma waɗannan suka tsaya yadda aka saba. Bana masu shuɗin suna nan yadda aka saba gani, masu rawayan ne suka warke. Warkewa fa, ba sauƙi ba. Ina Aku? A kira shi ya faɗa."

"Aku ya tafi cire haƙori. Ke kaɗai ce ba ki ji ba, don duk satin nan ba shi da wata hira. Ya ɗauki hutu, sai ranar Litinin."

Ranar Alhamis ce. Ta zaro waya ta kira Aku, aka ce a kashe take. Ta sake kira, kamar wayar za ta ji tausayinta ta kunna kanta.

"Sirrin ba zai ruɓe ba kafin Litinin," in ji Farfesa.

"Ni ce zan ruɓe, ranka ya daɗe. Lambobin sun zo hannunka, an rufe awo. In na same shi, ka yarda ya faɗa mini?"

Ya dube ta ta saman tabarau, ya dubi hular ledar. "Na yarda. Amma ki cire abin nan kafin ki fita titi."

Asibitin haƙorin yana can ɗaya gefen garin, wanda ta fara tambaya a sashen ya kwatanta mata shi, don Aku ya ba da kwatancensa ya fi a ƙirga, har da launin kujerun ɗakin jira. Motarta kuwa tana wurin makanike. Ta tsaya a bakin ƙofar cibiyar, tasi ko ɗaya ba ta wuce ba, sai ta kira mijinta.

Mijin nata mai koyar da tuƙi ne, mutum mai sanyin hali wanda bai taɓa wuce mota a kwana ba tun da aka ba shi lasisi. Ya ce yana kusa, amma yana tare da ɗaliba, in ba ta damu ba sai su zo su ɗauke ta a cikin darasi. Jim kaɗan 'yar farar motar ta ɓullo da jan harafin 'yan koyo a gaba, ta zo ta ci birki a gabanta da ƙarfi har ta yi tsalle.

A bayan sitiyari wata tsohuwa ce 'yar gajeruwa, an jibga mata matashi biyu a ƙarƙashi don ta hango titi. Gwaggo yake ce mata. Shugabar makarantar firamare ce da ta yi ritaya, ta gaji da jiran 'ya'yanta su sami sukunin kai ta unguwa, ta rantse sai ta iya mota da kanta. Uwar Ɓeraye ta sha jin labarinta a gida, yawanci lokacin da mijin ke neman maganin ciwon kai.

"Shigo, 'yata," in ji Gwaggo. "An ce sauri kike. Mutuwa aka yi ko haihuwa?"

"Ɓeraye ne suka warke, Gwaggo."

"To, Allah ya ƙara sauƙi. Ɗaura bel."

Kafin ta rufe ƙofa da kyau mota ta zabura. Mijin ya dafe gaban motar, ƙafarsa tana shawagi a kan birkin da ke gefensa.

"Gwaggo, a hankali. Sigina. Gwaggo, sigina!"

"Na sa a zuciyata. Ci gaba, 'yata, ɓerayen wa?"

Tana zaune a baya, ta riƙe kujerar mijinta da hannu biyu, ta shiga ba da labari. Ta faɗi kunnuwa, ta faɗi kwalabe, ta faɗi yadda garkuwar jiki kan rikice ta far wa abin da bai kai ya kawo ba, da yadda suke fatan sabon maganin ya lallashe ta a daidai wurin da ta tayar da rigima, ba tare da ya cinye fatar ba. Maganar na fitowa tana tuntuɓe da juna. Gwaggo na sauraro tana gyaɗa kai, duk lokacin da labarin ya yi daɗi sai ƙafarta ta ƙara nutsewa a kan totur.

"Wato ke kika shafa, ke kika auna, amma ba ki san abin da kika shafa ba?"

"Haka ake yi, Gwaggo."

"Daidai ne. Ni ma in zan duba jarrabawa, naɗe sunan yaro nake yi. In ba haka ba, ɗan da ya fi gaishe ni shi zai fi samun maki."

Suka iso shataletale. Gwaggo ta shiga da ƙarfinta, ta wuce hanyar da za su bi, mijin ya ce ta zagayo. Ta zagayo, ta sake wucewa. A zagaye na uku wani mai babbar mota ya leƙo ya ɗaga musu hannu kamar tsofaffin abokai.

"Baban yara, don Allah karɓi tuƙin nan," in ji Uwar Ɓeraye.

"Ba a canza direba a shataletale," ya ce, muryarsa a sanyaye, gumi na bin wuyansa. "Gwaggo, yanzu. Yanzu. Yanzu!"

Suka fita da ƙyar, tayar baya ta ɗan hau dakali ta sauko. Gwaggo ta ce ai da ma dakalin ne ya shigo titi. Uwar Ɓeraye ta tsinci kanta tana dariya har da hawaye, ba ta san ko tsoro ne ko murna ba. Can kuma sai ta tuna da Aku. In fa ya ce shuɗi? In ya ce shuɗi, ma'anarsa man zalla ne ya warkar da kunnuwan, maganin kuma ya hana su warkewa, aikin shekara ya sake bin ruwa. Ta rufe ido, ta hango kunnen nan siriri a gaban fitila, ta buɗe ido ta ce wa Gwaggo ta ɗan ƙara wuta. Mijin ya juyo ya yi mata wani irin kallo.

Asibitin a saman wani kantin sayar da fenti yake. Gwaggo ta ajiye motar a karkace, ta ce ba za a bar ta a baya ba, an fara labari da ita dole a ƙarasa da ita. Mijin ya tsaya gyara fakin, su biyu suka haye bene.

Ɗakin jiran cike yake da mutane masu dafe da kunci. Ma'aikaciyar da ke kan tebur ta ce i, mutumin yana ciki, amma ba a shiga sai an gama. Uwar Ɓeraye ta fara bayani, ta ambaci ɓeraye, ma'aikaciyar ta ɗaga ƙafafunta daga ƙasa ta leƙa ƙarƙashin tebur. Sai Gwaggo ta matso, ta gyara tsayuwa, ta yi magana da muryar da ta shekara talatin tana tsayar da layin yara da ita.

"Yarinya, shiga ki ce wa likita Dakta ce daga cibiyar bincike, tambaya ɗaya za ta yi ta fita. Maza."

Ma'aikaciyar ta miƙe kafin ta san ta miƙe.

Likitar haƙorin mace ce doguwa, fuskarta rufe da takunkumi. Ta ce ta riga ta cire haƙorin, ɗinki ya rage, ta ba su ɗan lokaci kafin ta ɗauko allura. Aku na kwance a kan kujera, fitila a kansa, bakinsa cushe da auduga, kuncinsa ya kumbura kamar ya ɓoye ƙwai. An yi masa allurar kashe zafi, leɓensa na ƙasa ya saki. Da ya ga Uwar Ɓeraye idanunsa suka yi waje, ya ɗaga hannu biyu yana son ba da labarin duk abin da ya same shi tun safe, abin da ya fito kawai shi ne, "Aaa-uwa-wa."

"Sannu, sannu, Allah ya ba da lafiya," ta ce da sauri. "Na gama awo. Wace kwalba ce mai maganin?"

Aku ya girgiza kai. Ya ɗaga yatsa ya shafa haɓarsa, ya zana dogon gemu a iska.

"Farfesa ya yarda! Wallahi ya yarda!"

Ya sake girgiza kai, ya nuna kunnensa. Sai ya ji da kansa. Ta kira Farfesa ta buɗe muryar wayar.

"Ranka ya daɗe, ga shi nan, ya ƙi faɗa."

"Ya kyauta," in ji Farfesa daga cikin wayar. "Malam, lambobi suna hannuna. Ka faɗa mata, ko ma samu lafiya."

Aku ya gyara kwanciya, ya ɗauki fuskar mai shelar babban labari, ya buɗe baki.

"Awa-uwa."

"Me ya ce?"

"Kamar shuɗi na ji," in ji ma'aikaciyar daga bakin ƙofa.

Uwar Ɓeraye ta dafa bango.

"Ba shuɗi ya ce ba," in ji likitar. "Ni kullum da irin wannan yaren nake aiki. Amma ban rantse ba."

Aku ya fusata, ya ɗaga hannu ya nuna likitar da ƙarfi. Duk suka juya. Safar hannunta shuɗiya ce, a cikin hannun kuma tana riƙe da wani ɗan bututun tsotse yawu, rawaya shar.

"Safar ko bututun?" Uwar Ɓeraye ta ce, kamar za ta yi kuka.

"Ku tsaya," in ji Gwaggo. "Kun cika hayaniya, kuma ba ku iya tambaya ba."

Ta zare safa ɗaya shuɗiya daga kwalin da ke kan tebur, ta sunkuya ta cire murfin wani bokiti rawaya da ke gefen kujera. Likitar ta buɗe baki za ta hana, ta fasa. Gwaggo ta koma ƙarshen kujerar ta ware hannuwa, safa a dama, murfi a hagu, nesa da juna yadda ba mai ruɗewa.

"Ɗana, dube ni nan. Kar ka yi magana. Wanda aka zuba MAGANI a cikinsa nake tambaya, ba ɗayan ba. Nuna."

Aku, da ya ga duk idanu a kansa, sai da ya ɗan ja rai. Ya dubi dama, ya dubi hagu. Sannan ya miƙa hannu ya nuna murfin rawaya, ya ƙara da buga cinyarsa.

"Rawaya ce mai magani?"

Ya gyaɗa kai har audugar ta kusa faɗowa.

Ihun da Uwar Ɓeraye ta yi sai da wani mai ciwon haƙori a ɗakin jira ya saki kuncinsa ya miƙe tsaye. Ta rungume Gwaggo da murfin bokitin da komai, ta sake ta, ta kama hannun likitar tana girgizawa kamar ita ta haɗa maganin. Aku bai san wane gida ne ya warke ba sai yanzu da ya ga fuskarta. Ya shiga buga ƙafafu a kan kujera yana wani gurnani na murna, hawaye na gangarowa ta gefen idonsa zuwa kunne.

"Sun warke, Aku! Ka ga kunnuwan kuwa? Haske na ratsa su! Har barci suke yi!"

"Na ji," in ji wata murya daga hannunta. Ta manta Farfesa na kan layi. Ya yi gyaran murya. "Ɓeraye ne dai, ba mutane ba. Kuma gwaji ɗaya ne. Sai an maimaita, sai an duba fatar a madubin likita, sai an ga abin da yake yi wa hanta da ƙoda. Amma ki biyo da lemo in za ki dawo. Na kowa da kowa."

"To, jama'a," in ji likitar, "ina taya ku murna, ko da yake ban gama gane abin da ya faru ba. Ku fita in ɗinke bakin bawan Allahn nan tun allurar ba ta sake shi ba. In ta sake shi ba zan samu sararin sa zare ba, tun a bakin ƙofa ya fara ba ni tarihin haƙorin."

A kan bene suka ci karo da mijin yana hawowa. Bai tambaya ba, fuskarta ta gaya masa. Ya tsaya yana murmushi, ya ce, "Uwar Ɓeraye, yau kam 'ya'yanki sun fitar da ke kunya." Ita da Gwaggo suka shiga ba shi labari a tare, wannan ta karɓe daga bakin wannan, da safa, da murfi, da bututu. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya sosa ƙeya.

"Ni dai tambaya ɗaya gare ni. Me ya hana ku ba shi biro ya rubuta?"

Suka tsaya cak a tsakiyar bene. Dakta guda, likita guda, shugabar makaranta guda, ba wadda abin ya faɗo wa a rai. Gwaggo ce ta fara farfaɗowa.

"Kai dai ka iya birki," ta ce. "Ba ni makullin."

A hanyar komawa Gwaggo ta yi tuƙi a natse, wai yanzu ba gaggawa. Da suka tsaya a danja sai ta tura hannun rigarta sama, ta nuna wa Uwar Ɓeraye wuyan hannunta. Wani jan zobe ne na ƙuraje ya kewaye shi, daidai inda agogo ke zama.

"Kin gani? Duk agogon da na ɗaura haka yake yi mini. Ki ɗan sammini na rawayan nan, ko a murfin kwalba ne."

"Ayya Gwaggo, da ina da iko da ke zan fara ba. Amma ba a san abin da zai yi wa mutum ba tukuna. Tsakanin kunnen ɓera da hannunki akwai shekaru, kuma zai iya faɗuwa a hanya, da yawa sun faɗi. Yanzu dai ki ajiye agogon ƙarfe, ki nemi mai madaurin roba ko fata, ki je likitan fata ya duba ki."

"Shekaru nawa?"

"In komai ya tafi daidai, za a iya kai goma."

Gwaggo ta yi lissafi a ranta, ta sauke hannun riga. "Zan jira. Kafin nan ma na iya shataletale."

Sun tsaya a wani kanti an lodo lemo a but ɗin motar. Da ta shiga sashen, labari ya riga ta isa, mutane sun fito baranda, har masu aikin da ba su san inda ɗakin ɓeraye yake ba. Farfesa bai fito ba. Ta same shi a ƙasa, sanye da farar riga da hular leda a kan furfurarsa, ya ɗaga ɓera ɗaya a gaban fitila yana kallon kunnen. Ya daɗe a haka. Da ya ji motsinta sai ya mayar da shi akwati a hankali, ya ce gobe su zauna su tsara maimaici, wannan karon gida huɗu za a yi, da ma'aunin magani daban-daban, kuma wani ne zai yi awon ba ita ba. Ta ce ta yarda. Ko cewa ya yi ta auna da ƙafa, ranar nan za ta yarda.

An maimaita gwajin bayan wata biyu. Bambancin bai kai na farko girma ba, amma yana nan daram, kuma ɓerayen da aka ba ma'auni mafi yawa su suka fi warkewa. Da aka duba fatar a madubin likita, ba ta sirance ba. Suka fara rubuta rahoto, Farfesa yana goge duk kalmar da ya ga ta cika zumuɗi, ita kuma tana dawo da rabinsu in ya fita.

Wata rana da hantsi tana cikin wannan aikin wayarta ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Likitar haƙori ce. Ta ce Aku ya zo a duba masa wurin, ya yi awa guda yana ba ta bayani, amma har ya tafi ba ta tsinci amsar abin da ta tambaye shi ba, shi ya sa ta karɓi lambar.

"Ni da ma'aikaciyata ne abin ya tsaya mana a rai," ta ce. "Yaya masu kunnuwan?"

Uwar Ɓeraye ta ture kwamfuta gefe, ta jawo kujera ta miƙe ƙafa.

"Likita, akwai mai jiran ki a kujera yanzu?"

"Sai nan da rabin awa."

"To gyara zama," ta ce, ta fara daga farko.